Rediyon da Baba Ya Kasa Gyarawa

Tun ranar Talata ya kamata mai gyaran rediyo ya gane cewa akwai abin da ke tafe. Ya dawo cin abincin rana ya tarar da gida tsit, alhali autarsa tana ciki. Shekararta goma sha ɗaya, kuma shi da kansa ya raɗa mata suna Rediyo, don in ta fara zuba babu maɓallin kashewa. Ranar kuwa tana kwance a doguwar kujera, jiki zafi rau, tana cewa wuyanta ya ƙage.

"Mu kai ta asibiti," in ji matarsa.

"Ba ta magani ta sha, mu gani zuwa gobe," ya ce. Akwai talabijin biyu da ya yi alkawarin gamawa kafin yamma.

Kwana tara Rediyo ta yi a gadon asibiti. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da jinta. Likita ya zagaya bayanta ya tafa hannu da ƙarfi, yarinya ko gezau. Ya ce su dawo bayan mako shida a sake gwadawa.

"Likita, da mun kawo ta tun ranar Talata fa?" in ji mai gyara.

"Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba."

Bakinta lafiya lau yake. Sai dai ranar da suka dawo gida ta nemi ruwa da irin muryar da ake kiran wanda ke tsallaken titi, har maƙwabciya ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Rediyo ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta gane. Daga ranar ta kama bakinta. Komai sai ta nuna da yatsa.

'Yan coci ba su yi sanya ba. Yayarsa ce kan gaba, ta kwaso mata shida suka cika falo, suka kewaye yarinyar suna addu'a har tagogi na amsawa. Rediyo tana tsakiya tana bin leɓunansu da ido.

"Yaya," in ji matarsa a hankali bayan sun lafa, "ai ba Ubangiji ne ya kurmance ba."

"Ke dai ba kya rabo da tsiya," in ji yayar. Ta juya kan ƙanenta. "Kai kuma fa? Kai da kake jan addu'a har abinci ya huce, yau ko uffan?"

Ya sunkuyar da kai. Ba ƙi ya yi ba. Duk sanda ya buɗe baki zai roƙa, kalmar nan ta gobe ce take tare masa hanya. A shago ma haka. Ana kawo masa rediyon da ta shekara ba ta yi tari ba, ya ɓalle bayanta, ya bi waya ɗaya ɗaya, ya ɗiga dalma, sai ga ta tana magana. Mai ita ya tafi yana murna, shi kuma ya zauna yana kallon hannuwansa.

A mako na uku fasto ya aiko cewa lasifikar coci ta ɗauke. Ya je ranar Alhamis da rana, babu kowa sai jerin bencina. Ya sauke akwatin, ya kwance shi. Waya ce guda ta tsinke. Ya haɗa, ya kunna a ƙasa ƙasa, ya ɗora yatsa a kan baƙar takardar da ke ciki, yadda ya saba tun yana koyon aiki, don yatsa yakan ji motsin kafin kunne ya ji sauti. Tana rawa. Ta gyaru.

Ya kashe, ya zauna a bencin gaba. Bai durƙusa ba, bai rufe ido ba. Ya daɗe yana laluben abin da zai faɗa, daga ƙarshe abin da ya samu kaɗan ne.

"Ga ni," ya ce. "Ni ne na ce gobe."

Babu amsa. Kwanon rufi ne kawai yake ƙas ƙas saboda rana. Amma bai tashi ba, kuma bai ji kamar an kore shi ba. Can fasto ya shigo, ya dube shi, ya zauna a gefensa. Bai yi wa'azi ba. Sun fi rabin awa a haka.

"Ta gyaru?" fasto ya tambaya.

"Wannan dai ta gyaru."

Da yamma aka kawo abinci. A gidan, Rediyo ce kullum take rufe addu'a, takan ja amin ɗinta har sai uwarta ta harare ta. Mako uku ke nan babu wanda ya ja shi. Mai gyara ya matso kusa da ita, ya kama hannunta, ya ɗora yatsunta a kan maƙogwaronsa. Ta zaro ido. Ya fara, a hankali.

"Ubanmu, mun gode da abincin nan. Ka san 'yar nan tamu. Ka san abin da..."

Murya ta sarƙe masa. Rediyo ta ji motsin ya tsaya, ta ɗauka an kai ƙarshe.

"Aaamin," ta ce, da ƙarfi, a karkace.

Matarsa ta toshe baki da gefen zane. "Bai ma kai sunan Yesu ba," ta ce, hawaye na zuba.

"Bar ta," ya ce. "Ya san da shi ake."

"Baba," in ji Rediyo, har yanzu hannunta na wuyansa, "maƙogwaronka kamar janareta."

Suka yi dariya, ita ma ta yi don ta ga suna yi. Da ta ɗauki kwanuka ta nufi kicin, ya kasa haƙuri, ya kira ta daga baya. Ya sake kira. Ba ta waiwayo ba.

Saura mako uku su koma wurin likita. Har yanzu babu wanda ya san ko jinta zai dawo, kuma babu wanda ya iya gaya masa ko da ya kai ta ranar Talata da abin bai kai haka ba.