Wuyan Balarabe

Baraka ta tsiyaya man kifi a cokali, ta tallafi haɓar yaron da hannun hagu, ta ce, "Buɗe, ɗan albarka. Yawwa. Haɗiye duka, kada ka bar komi."

Balarabe ya haɗiye, ya yatsine fuska, ya koma ya lafe a jikinta. Tun hantsi suke zaune a kan bencin wani ƙaramin asibiti a Talata Mafara suna jiran a kira su. Taiba tana can ƙarshen bencin, ta bar wurin zaman mutum guda tsakaninta da su, tana ta gyaran goyon jaririyar da barcinta kawai take yi. Ita ta haifi Balarabe. Amma duk wanda ya shigo ya gaishe su, Baraka yake kallo ya ce, "Ya mai jiki?" Ita kuwa Baraka ta amsa da baki har kunne.

Ɗan fari ne, kuma a gidan su Taiba ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗora shi a cinya gaban mutane ba, in ya shigo ɗaki ita bango take kallo. Da ya isa yaye, Baraka, yayar mijinta Sallau, wadda Allah bai bar mata na kanta ba, ta goya shi ta tafi da shi ƙauyensu kusa da Maradun. Shekara shida yana can. Ita yake kira Inna. Uwarsa kuwa Taiba yake ce mata, gatsal, yadda ya ji ana faɗa.

Sai ruwan madatsar Bakolori ya taso ya cinye ƙauyen, gonaki da rijiyoyi da kushewar kakanni. Aka kwashe mutane zuwa sabon matsuguni inda ko inuwar kirki babu. Sallau ya ce a kawo yaron Mafara ya shiga makaranta kafin su Baraka su zauna da gindinsu. Sati uku da zuwansa abin ya fara. Da fari ƙifta ido ne, sai fizgar wuya zuwa dama, sai wani ɗan gyaran murya, hm, hm, ba dare ba rana. Wata huɗu ke nan.

To, ga abin da yake cin Taiba. Kwana uku da suka wuce Baraka ta zo duba shi, kuma tun da ta ajiye ƙunshinta a tsakar gida abin ya ɗauke. Ko ƙifta ɗaya! Ta hana shi ƙwai, ta hana shi kifi da ƙuli-ƙuli da shayi, ta sa shi gaba da zogale safe da yamma, ga man kifin da ta sayo a kantin magani. Maƙwabta suka shigo suna ta salati, ita kuma tana cewa, "Ai yaro ya ga uwa tasa." A gaban Taiba take faɗa, a cikin gidan Taiba.

Da safe, kafin Sallau ya bi motar masu haƙar hanyar ruwa zuwa wajen Bakura, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa ta kwano a hannu ya yanke magana. "Ku kai shi a duba. In malamin asibiti ya ce zama da Yaya shi ne maganin, ta wuce da shi a motar kasuwa ta la'asar." Baraka ba ta jira malamin asibiti ba, tuni ta ɗaure kayan yaron. Ga ƙunshin nan a ƙarƙashin benci, kusa da ƙafarta.

Kishi Taiba take ji, ba wani abu ba, kishi mai ɗaci har a harshe. Ta saci kallonsu. Baraka tana shafa masa kai, tana leƙa fuskarsa, tana gyara masa wuyan riga. Wato abin da ake yi ke nan yaro ya warke? Ai ita ma tana da hannu. A ranta ta rantse, in Allah ya sa aka bar mata shi, kunya ta tafi can ta huta. Za ta zauna gabansa ta zuba masa ido daga safe har dare, duk mai magana ya yi.

"Masu yaro, ku shigo!"

Malam Dikko, malamin asibitin, dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare a gefe guda. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwan bana, sannan ya ɗauki alƙalami.

"Sunan yaro?"

"Balarabe Sallau," in ji Baraka.

"Ke ce uwar?"

"Ni na raine shi, Malam."

"Ban tambayi reno ba tukuna. Wa ta haife shi?"

Taiba ta sunkuyar da kai. Malam Dikko ya dube ta ta saman tabarau, ya gane, bai ƙara tambaya ba. Baraka ta karɓe zancen. Ta ba da labarin ƙiftawa da fizgar wuya kamar a gabanta aka yi, ta lissafa abin da ta hana da abin da ta ba shi, ta fito da kwalbar man kifi ta ajiye a kan tebur.

"Kuma wallahi, Malam, tun da na zo bai yi ba. Ko sau guda. Dube shi. Shekara shida munka yi da shi ban taɓa ganin wannan abu ba, sai da anka raba mu."

Malam Dikko ya dube shi kuwa. Ya haska masa ido da ƙaramar fitila, ya sa shi ya miƙa hannuwa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Yaron ya yi komai daidai. Sai dai dattijon ya daɗe yana kallon wasu wurare da ba wanda ya nuna masa: hannayen da yaron ya dunƙule, jijiyar wuyansa da ta miƙe, da gumin da ya tsattsafo masa a goshi alhali ɗakin ba zafi.

"Baiwar Allah," ya ce wa Baraka, "taimaka ki kai katin nan taga ta biyu a buga masa hatimi. In da layi ki jira."

"Taiba ta kai mana."

"Tana da goyo. Ke dai je ki."

Baraka ta fita ba da son ranta ba. Taiba ta juya fuskarta ga bango, yadda ta saba, tana kallon wani hoton allurar rigakafi. Takun Baraka bai gama ɓacewa ba ta ji shi. Hm. Hm. Hm-hm-hm. Bencin da yaron yake kai har motsi yake yi saboda fizgar wuyan. Abin ya zo a jere, da ƙarfi, fiye da duk yadda ta taɓa ji.

Hawaye suka cika mata ido. Shi ke nan, an gama. Ta ce da bango, "Ka gani ko, Malam? Sai in ni ce."

"Dakata tukuna," in ji Malam Dikko. Ya jawo kujerarsa kusa da yaron, ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce a hankali, "Balarabe, yanzu da ɗazu, yaushe ka fi jin daɗi?"

"Yanzu."

"Ɗazu fa?"

"Riƙewa nike yi." Hm. "Wuyana kamar shi tsage. Har kaina na ciwo."

"Tun yaushe kake riƙewa?"

"Tun da Inna ta zo. In na shiga bayi sai in saki."

"Mi ya sa?"

"Ran da ta zo, tun ba ta ajiye ƙunshinta ba na yi sau guda, ta gani, ta shiga ɗaki tana kuka. Ba ni son Inna ta yi kuka. Kuma kullum tana kallona."

"To ita wannan fa?" Ya nuna Taiba da alƙalami. "Ba ka riƙewa a gabanta?"

Yaron ya ɗaga kafaɗa. "Taiba? Ai ita ba ta kallona."

Ba da haushi ya faɗa ba. Yadda zai ce yau Talata, haka ya faɗa. Taiba ta ji maganar ta shige ta har ciki, ta rasa ko murna za ta yi ko ta fasa ihu. Da ta waiwaya sai ga Baraka tsaye a bakin ƙofa da kati a hannu. Ashe babu layi a tagar. Yaron ya gan ta, nan take ya dunƙule hannu, wuyan ya sandare.

"Shigo ki zauna," in ji Malam Dikko. "Ku saurare ni ku biyu. Wannan abu ba iska ba ne, ba kuma wani ya yi masa ba. Yara da yawa suna yi, musamman in an tumɓuke su daga inda suka saba. Bana kaɗai na ga fiye da biyar daga mutanen da ruwa ya tasa. Yana zuwa yana tafiya, da yawansu in sun girma sai a neme shi a rasa. Kamar atishawa ne, ana iya riƙe ta, amma wanda ya riƙe shi ya san abin da ya ji."

"Man kifin fa?" Muryar Baraka ta yi ƙasa.

"A ci gaba da ba shi, yana gina jiki, amma ba shi ya tsayar da komi ba. Zogale ma haka. Ƙwai da kifi ku mayar masa, kun rage wa yaro abinci a banza. Shayi mai ƙarfi da goro dai a hana shi, ya kwanta da wuri. Akwai ƙwaya da ake bayarwa in abin ya kai ga hana karatu ko ci, sai likita ya gani ya rubuta, tana sa kasala da barci. Nashi bai kai can ba, ba zan tura ku ba yau."

"To mi za mu yi mai?"

"Ku ƙyale shi. Kada a ce bari, kada a ce sannu, kada a ƙirga. A zauna kusa da shi, a ba shi aiki a hannu, a yi hira, amma ido na wani wuri. Ku faɗa wa malaminsu na makaranta haka." Ya cire tabarau ya goge. "Ba ni zan raba muku ɗa ba. Amma in mai gidan ya tambaya, ku ce na ce a bar shi inda yake iya sakin wuyansa."

"Ni ma ina iya daina kallonshi," in ji Baraka da sauri. "Mi ke gare shi mai wuya?"

Kayya. Daga asibiti zuwa tasha ba nisa, amma ranar kasuwa ce, ga manyan motocin kamfani suna wucewa da tsakuwa, ga jakuna, ga masu albasa. Baraka ta riƙe hannun yaron ta kafe idonta a gaba. Ba su wuce rumfar masu gishiri ba ta leƙa fuskarsa. A wajen mahauta ta sake. Kafin su kai tasha Taiba, da take biye da su ɗauke da ƙunshin, ta ga ta yi sau bakwai, shi kuma yaron yana tafe a sandare kamar an ɗora masa tulu cike da ruwa.

A gindin motar Maradun Baraka ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙunshin da ke kan Taiba, ba ta miƙa hannu ba. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro kwalbar man kifi da cokalin, ta tura su a hannun Taiba da ƙarfi.

"Cokali guda, bayan ya ci abinci. Ba ya sha sai an tallafi haɓarshi." Ta mayar da bakin zanenta ta ɗaure. "Shekara shida ban ɗauke ido gare shi ba. Ke ko ɗaga kai ba ki yi ba, kuma ke kinka samu."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Riƙe haƙurinki." Ta dafa kan yaron ba tare da ta sunkuya ba. "Ka yi karatu, ka ji? Ina nan zuwa da Salla."

Ta hau. Ta zauna a kan buhun wani, ta ba su baya. Da motar ta juya za ta fita, Taiba ta hango fuskar Baraka, ga ta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Yaron bai gani ba, wata motar tsakuwa ta shiga tsakani.

Suka kama hanyar gida, Taiba a gaba, shi a baya. Ba su yi taku ashirin ba ta ji ya fara. Hm. Hm-hm. An bar mata ɗanta, ga kayansa a kanta, abin da ta roƙa ke nan tun safe. Amma ɗacin nan yana nan inda yake, har ya ƙaru. Kwana uku yaron nan ya riƙe ciwo a wuyansa don kada Baraka ta zubar da hawaye. Ita fa, ya taɓa riƙe ko numfashi saboda ita? Ta so ta juya ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kalle shi har ta ƙoshi, yau da ta shirya yin haka, yau kuma aka ce kada ta yi.

Ta rage sauri har ya iso gefenta. Ta miƙa masa kwalbar, idonta a kan hanya. "Riƙe min wannan."

Ya karɓa. Suka ɗan yi tafiya.

"Taiba."

"Na'am."

"Inna ta yi kuka cikin mota?"

Taiba ta gyara ƙunshin a kanta. Amsar kalma ɗaya ce, e, in ta faɗe ta gaskiya ce, kuma ta san wuyan nan zai sake sandarewa har Salla, saboda matar da ba ta ma garin.

"Ba ta yi ba," ta ce. "Hira ma take yi da ta kusa da ita."

Yaron ya sauke numfashi mai tsawo. Wuyansa ya fizga sau biyu, kafaɗarsa ta bugi hannunta, ita kuwa ta ci gaba da kallon hanya.