Man Kaɗe a Izgar Goge

Shekara talatin Maigandi yana ɗinkin hula a Unguwar Rogo, sai ciwo ya shanye masa ɓarin jiki na hagu. Ƙafa ta dawo, yatsu suka ƙi. Ko bakin ƙyalle ba su iya riƙewa, ya koma wuni a zaure yana zuba uban tagumi.

Maƙwabcinsa Malam Tanko, tsohon malamin kiɗa a wata sakandare, shi ya ɗora masa gogen Turawa a kafaɗa. Ya ce danna tsirkiya motsa yatsu ne, kuma mai koyon kiɗa ba ya samun sararin tausayin kansa. Don kunya kawai Maigandi ya karɓa. A watan farko ƙarar kamar ana jan ƙyauren kwano, har awakin gidan sai su bar zauren. Amma a wata na takwas yatsu huɗun nan suna sauka inda aka ce su sauka.

Sai Tanko ya ce zai koma Zuru gaba ɗaya, gogen kuwa ya bar masa. Abin ya yi wa Maigandi ciwo ƙwarai. Ba shi da abin sallama, don haka ya yi alkawarin ranar tafiya zai kaɗa masa waƙa guda daga farko har ƙarshe, abin da bai taɓa iyawa ba.

Matarsa Atika mace ce da ba ta ganin abu a bushe ta ƙyale. Ana gobe tafiya ta ga izgar da ake goga wa tsirkiya ta yi fari fat da garin ƙaro. Ba ta san ƙaron nan ke sa izga kama tsirkiya ba. Ta goge ta tas, ta mulke ta da man kaɗe, don kada mijinta ya ji kunya gaban malaminsa.

Da hantsi mota na jiran Tanko a ƙofar gida, an ɗaure kaya. Maigandi ya ja izga. Ta zame sumul, ko ƙis. Ya sake ja, sai ƙamshin man kaɗe.

"Mi kinka yi mata?" ya tambaya a hankali.

"Na ga ta bushe ne," in ji Atika daga bakin ƙofa.

Tanko ya ce gyaran sai an kwana biyu, direba kuwa ya fara danna oda. Tanko ya dubi agogo, ya zauna a tabarma.

"Kaɗa hakanan. Yatsunka zan kalla."

Maigandi ya kaɗa, Tanko na bin waƙar da hanci, idonsa kan yatsun. Suka kai ƙarshe ba kuskure ko ɗaya, kuma ba wanda ya ji komai daga gogen.

Bayan motar ta ɓace, Atika ta tsuguna tana kuka. Maigandi ya matso kusa da ita. Ya kama bakin gyalenta da yatsun hagu, ya share mata ido.