Rigunan Mijin Tela

Annobar tari ta ɗauke mijin tela tun farkon shigowarta unguwar. Da yadi ya ƙare a shagonta, sai ta buɗe akwatinsa, ta yayyanka rigunansa, ta ɗinka takunkumin fuska ta raba wa maƙwabta.

Sannu a hankali tarin ya lafa a layinsu. Mai shagon magani ya ce mata, "Yaya, ɗinkin nan naki ya yi rana. Yanzu da wuya ka ji wani ya kwanta."

Ta gyaɗa kai kawai. Duk inda ta juya, shuɗiyar rigarsa mai ratsin fari take gani a fuskokin mutane, tana kumbura tana lotsawa da numfashinsu.

Wata rana da hantsi wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shagon. Takunkuminsa daga aljihun rigar aka yanko, har da tabon tawadar biron marigayin.

"Sannu da aiki," in ji shi.

Muryar ba ta mijinta ba ce. Duk da haka ƙafarta ta kasa taka keken ɗinkin, ta ƙura wa tabon tawadar ido, har mutumin ya gaji da jiran amsa ya wuce.