Ƙararrawa Kafin Lokaci

Aikin Baba Ƙararrawa a filin gudu ba mai wuya ba ne, shi ya sa kuskurensa ya fi ciwo. Tsayawa yake a bakin layin ƙarshe, riƙe da allon da ke nuna zagayen da ya rage. Mai jan gaba ya wuce, sai ya juya lamba. Saura zagaye ɗaya, sai ya kaɗa ƙararrawa. Shi ke nan. Tun gashinsa yana baƙi yake wannan aiki, har ainihin sunansa ya ɓata, yara da manya suka koma kiransa da kayan aikinsa.

Ranar da abin ya faru tseren mata ake yi na dogon zango, kuma biyun farko ne za su tafi babbar gasa. Wadda ake ce wa Barewa ce a gaba, ta ba sauran rata sosai. Guga take yi a shagon wanki, gudun kuwa da sassafe take yinsa kafin a buɗe shago. Ta daɗe tana farautar wannan gurbi, shekaru sun fara ja, kuma kowa a filin ya san wannan ne karonta na ƙarshe.

Ana tsakiyar tsere shugaban hukuma ya iso, a makare kamar kullum, ya biyo ta bayan alƙalai yana raba hannu. Barewa ta wuce, Baba ya juya lamba, sai ya ji an dafa masa kafaɗa. Ya waiwaya, ya rusuna, ya gaisa da hannu bibbiyu har da tambayar iyali, bakinsa har kunne don shugaba ya kula shi. Da ya juyo sai ya ga bayan wata mai riga irin ta Barewa tana wucewa. Ashe ta can baya ce, wadda aka riga aka zagaye. Baba bai tantance ba, ya sake juya lamba.

Haka ya kaɗa ƙararrawa alhali saura zagaye biyu. Barewa ta zuba duk abin da ya rage a jikinta, ta tsallake layi, ta ɗaga hannuwa sama, ta zube a ciyawa tana dariya. Babban alƙali ya fizge allon yana ihu, "Saura ɗaya! Saura ɗaya!" Na bayanta suka ji, suka ci gaba. Kafin ta gane ta miƙe, ƙafafunta sun ƙi, ta ƙarasa a can baya tana tangaɗi.

Washegari aka zauna a ofishin hukuma, ɗakin da fanka ke ƙara fiye da iskar da take bayarwa, kofuna jere kan kabad ba mai goge su. Sakatare ya karanta sanarwar da za a fitar: hukuma tana ba da haƙuri bisa ɗan ruɗanin da aka samu.

"Ranka ya daɗe, ruɗani ba shi da hannu," in ji Baba. "Ni na buga ƙararrawar nan. A faɗi haka, a sake tseren."

Shugaba ya yi murmushin manya. "Haba Baba, kai da ka girme mu a aikin nan? Bakin alƙalami ya bushe. Gurbi biyu aka ba mu, wa za mu sauke? Su ma yaran ba su yi laifin komai ba. Kuma ai mai gudu shi ma yana da kai, ya kamata ya ƙirga abinsa."

"To ko sunana a sa."

"In aka sa sunanka za a tambaya me ya ɗauke maka hankali. Kana so mu shiga nan?"

 Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani, kuma yau na Barewa aka hango, wadda ba ta ma wurin.  Aka kawo lemo, Baba ya karɓa, har ya yi godiya. Wannan godiyar ta fi komai tsaya masa a wuya.

A gida ya tarar da autarsa tana kallon waya tana ƙyaƙyatawa. Wani ya ɗauki hoton Barewa tana murna, ya cire sautin filin ya ɗora waƙar barkwanci, ya rubuta cewa ga wadda ta iya gudu amma ba ta iya ƙirga ba. Ba a jin ƙararrawa ko kaɗan. Yarinyar ta ga fuskar ubanta, ta kife wayar ta sulale ɗaki.

Matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar yana ta juya cokali. "Baban yara, cokalin nan bai yi maka komai ba," ta ce. "An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai ka ja, 'yar mutane ake duka. Ko ka je ka same ta, ko ka ba ni kwanona in rufe."

Da hantsi ya tafi. Shagon wankin yana ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Ciki zafi da ƙamshin sabulu, riguna rataye a leda har rufi. Yana shiga wani mai karɓar kaya yana fita, ya ɗaga hannuwa sama yana kwaikwayon Barewa, yana cewa, "Zakara, kin ƙirga rigunan nan daidai kuwa?" Ita dai ta ci gaba da guga.

Da ta ga Baba sai ta ajiye dutsen guga, ta jawo masa kujera. "Sannu da zuwa, Baba. Da ka aiko ai na zo."

Bai zauna ba. Ya cire hularsa ya riƙe. "'Yata, haƙuri na zo ba ki, ko da yake na san ihu ne bayan hari. Ba ruɗani ba ne, ba laifinki ba ne. Gaisuwa na tsaya yi, na juya lamba sau biyu. Na roƙa a sake tseren an ƙi, ni kuma na yi shiru na sha lemo. Kunya ta hana ni barci. Zan faɗa wa duk mai son ji cewa ba ke kika kasa ƙirga ba."

Ta dubi rigar da ke kan tebur, ta miƙe mata hannu, ta ninke.

"Ai ban kasa ba, Baba," ta ce a hankali. "Ina ƙirgawa. Na san saura biyu."

Ya dube ta, bai gane ba.

"Da na ji ƙararrawa, ƙafata ta ce saura biyu, kaina ma ya ce saura biyu. Sai na ɗago na ga kai ne riƙe da ita. Tun ina 'yar makaranta kai kake buga mana, ban taɓa ji an ce ka yi kuskure ba. Sai na ce to, ni ce na ruɗe."

Baba ya laluba kujerar ya zauna. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi, ya zo da shirin shan zagi.

"Na yafe maka, wallahi," ta ce, ta ɗauki dutsen guga ta taɓa shi da yatsa ta ji ko da sauran zafi. "Gobe su biyun da suka samu gurbin za su tashi. Ɗayarsu ta kawo rigunan tafiyarta, ga su nan nake gogewa. Ka ɗan matsa, Baba, kada tururi ya same ka."