Motar Malam Azariya Ba Ta Da Rizab

Shekara talatin da biyar Malam Azariya ya yi yana shaƙar alli a firamare. Da aka ba shi kuɗin sallama, sai ya kwashe su kaf ya sayo mota mai caji, ta hannu. Dillali ya ce masa shi da gidan mai har abada. A Kafanchan fa! Garin da wuta sai ta ga dama take leƙowa. Ƙarshenta janareto ya saya, kullum yana hanyar gidan man da jarka, motar ta wuni tana tsotsa ba ta ƙoshi ba. Matarsa Edna ta yi mita har ta gaji.

Ana haka mahaifiyarsa ta rasu. Aka sa jana'iza ranar Asabar a ƙauyensu, gaba da Zonkwa. A gidansu ɗan fari ke zuba ƙasar farko a kabari, kuma shi ne ɗan farin. Satin nan kuwa ko ƙyas ba a kawo wuta ba.

Da safe Edna ta ce, "Malam, mu bi motar gawa. Bar wannan abu a gida."

"In je binne Mama a matse kamar buhun citta, ga mota a ƙofa? Ki bi su. Zan ƙara caji kaɗan in same ku."

Ya wuce Madakiya ke nan allon motar ya yi ja. Ko a jikinsa. Tsohuwar fijonsa, ko allurar mai ta kwanta, takan kai shi Kagoro ta dawo da shi. Wace mota ce ba ta da rizab? Ya ƙara taka ta.

A kan hawa ta tsaya cak. Ya fito ya girgiza ta yadda ake yi wa babur, ya roƙe ta, ya zage ta. Wani mai bumburutu ya sheƙo da galan, ya zagaya motar sau biyu yana neman inda zai zuba.

Edna ta kira. "Fasto ya gama wa'azi, 'yan zumuntar mata sun ƙara waƙa uku saboda kai. Ga hadari ya haɗo. Kana ina?"

Kunya ta hana shi faɗa. "Ga ni nan kusa," in ji shi. Sai da ya ɓata kusan awa kafin ya samu ɗan acaɓa.

Ya isa jiƙe sharkaf, ana ta kwashe kujeru. Ƙanwar mahaifiyarsa, Anti Emilia, ta tare shi ba ko sannu.

"Ƙaninka ya zuba. Har an shafe siminti."

Ya durƙusa gefen kabarin ya damƙi ƙasa cike da hannu. Birkilan da ya shafe simintin ya ce, "Malam, a hankali, bai bushe ba."

Ya rasa inda zai zuba ta, sai ya sa a aljihun kwat ɗinsa.