Layin da Malam Kalilu Ya Rubuta da Jan Biro

Malam Kalilu yana tsugune gaban mai faci a bakin kasuwar Daura, yana nuna masa inda zai shafa gam da inda ba zai shafa ba, sai wata mata ta tsaya a kansa ta yi sallama. Mai facin ya fi kowa jin daɗin zuwanta, don tun da aka cire tayar keken tsohon bai bar shi ya sha iska ba. Haka Malam Kalilu yake. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da Turanci, shida ke nan da yin ritaya, amma har yau bai yarda akwai wanda ya gama koyon sana'arsa ba.

Matar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ce Yelwa Audi, ta yi aji uku a hannunsa a makarantar 'yan mata. Ya gyara tabarau ya dube ta. Fuskar ba ta ce masa komai ba, amma sunan ya kai shi layin taga, kujera ta biyu, wata siririyar yarinya da ba ta ɗaga hannu sai an kira ta. Ta ce sau biyu tana zuwa gidansa ana ce mata yana Katsina wajen aikin ido. Yau kuma da hantsi za a zauna shari'arta a Baure, kuma alƙali ya ce yana son jin ta bakinsa.

Shi dai bai taɓa taka kotu ba, ko a cikin shekara huɗun nan da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci kowa ya tono tsohuwar rigimar gadonsa ya kai gaban alƙali. Ya tambaye ta me ya haɗa shi da shari'ar mutanen Baure. Ta buɗe jaka ta fito da wani littafin rubutu wanda bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, ta buɗe masa wani shafi.

Laraba, sha shida ga Nuwamba, 1988. Kafin ya karanta komai zuciyarsa ta riga ta koma can.

Laraba ita ce ranar salon maganar Turawa, kuma duk makarantar ba darasin da ya kai shi suna. Yakan rubuta salo ɗaya a allo ya yi bayaninsa, sannan kowace yarinya ta kawo jimla ɗaya, amma da sharaɗi: abin da ya faru da gaske a gidansu. Ba ya karɓar misalin littafi, ba ya son jin wani yaron Ingila da karensa. Idan kika rubuta cewa akuyarku ta haifi uku, to ki tabbata ta haifa, domin Malam Kalilu yana iya hawa keke ya je ya gani. Ya taɓa tuƙa keke har Zango ranar Asabar don ya duba wata katanga da wata ɗaliba ta ce ta faɗi. Tun daga nan mutanen gari suke cewa abin da jan biron Malam Kalilu ya tabbatar ya tabbata, kuma ba ƙaramin jin daɗin wannan magana yake yi ba.

Ya tuna Larabar sarai. An gama girbi, sama fes, ya fitar da ajin duka filin makaranta, ya tsayar da su ƙarƙashin darbejiya, ya ce su ɗaga kai. Ya tambaye su, da tsawa za ta faɗo yanzu daga cikin wannan shuɗin da ba ko ɗigon gajimare, me za su ce? To, in ji shi, daga nan Bature ya samo "out of the blue", yana faɗar sa ga abin da ya zo kwatsam, ba sanarwa ba alama, na daɗi ne ko na baƙin ciki. Ya ja musu kunne cewa ba a amfani da shi ga abin da ake jira. Ruwan tsakiyar damina ba ya shiga, baƙon da ya aiko zai zo ba ya shiga, ko da ya yi kwana goma a hanya. Yaran suka yi ta dariya suna kare rana da littattafai. A lokacin gwamnati ce ke raba littattafan, ƙararrawar makaranta kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ce da aka rataye a bishiya. Sau da yawa idan ya wuce ta wajen yanzu sai ya ji kewar waɗannan shekaru ta kama shi.

A shafin, da ƙaramin rubutu mai tsabta, Yelwa ta rubuta: "Out of the blue, my father came home." Wato kwatsam sai ga mahaifinta ya dawo gida. A ƙasa kuma ga nasa rubutun da jan biro, da Turanci, cewa amfanin ya yi daidai amma labarin ba gaskiya ba ne. Ya ba ta maki takwas cikin goma, ya sa hannu.

Ya bar keken wajen mai faci, suka nufi tasha. A motar Baure aka ba shi gaba saboda girma, ita tana bayansa, ta sunkuyo tana yi masa bayani a hankali don kada sauran fasinja su ji.

Mahaifinta, Audi, fataucin shanu yake yi zuwa Nijar. A shekarar tamanin da shida ya tafi bai dawo ba, aka kawo labarin cewa ya rasu a hanya, aka yi sadaka, mahaifiyarta ta yi takaba, ta dawo Daura da ita, ta sake aure a unguwar da ke bayan makaranta. Da daminar tamanin da takwas kakanta ya rasu a Baure ya bar gonaki. Ƙanen mahaifinta, Baffa Sharu, ya ce tunda Audi ya riga tsohon mutuwa, ba shi da gado, 'yarsa ma ba ta da shi. Ya riƙe komai. Ita kuwa Yelwa ta san Audi bai riga kowa ba, domin wata uku bayan rasuwar tsohon ta gan shi da idonta a zauren mijin mahaifiyarta. Wuni ɗaya ya yi. Da ya ga matarsa tana da goyo a gidan wani, sai ya ce ba zai raba aure ba, ya juya. Bayan shekara guda ya rasu da gaske a Damagaram.

Yanzu mahaifiyarta ta rasu, mijin ma ya rasu. Nata mijin ya rasu bara ya bar ta da yara huɗu, ba ta da wani abin dogaro sai kason ubanta a gonar nan. Ta samo shaida ɗaya, wani tsohon falke mai suna Hamma wanda ya yi jinyar Audi a Damagaram. Alƙali ya ce da shaida ɗaya da rantsuwarta ana iya yanke hukunci. Sai ta yi karambanin kai littafin don ƙarin ƙarfi, ta manta da jan layin da ke ƙasa. Baffa Sharu kuwa a kansa ya tsaya: ga malamin da duk ƙasar Daura ta sani da bin diddigi, ya rubuta tun a lokacin cewa ƙarya ne.

Malam Kalilu ya juya yana kallon gonakin gero suna wucewa. Gaskiyar magana, shekara sha shida yana tuna wannan shafi da jin daɗi. Ya sha ba matarsa Kande labarin wata marainiya da kewar uba ta sa ta ƙaga dawowarsa, shi kuma don tausayi bai kira ta gaban aji ba, bai tsare ta da tambaya ba, har maki ya ba ta. A cikin alheran da ya yi a aikinsa, wannan yana daga waɗanda yake ji da su.

Ya waiwaya ya ce mata, shi abin da ya sa ya yi zaton haka, ya ɗauka kullum tana bakin ƙofa tana jiran uban.

"Mun daina jiransa, Malam," in ji ta. "An yi masa sadakar arba'in, na ci wainar da hannuna. Shi ya sa na ga salon ya dace, tunda ka ce ba a faɗar sa ga abin da ake jira."

Ya tambaye ta me ya hana ta zuwa ta yi masa magana da ta ga abin da ya rubuta.

"Inna ta ce kada in gaya wa kowa, don kada a ce aurenta ya ɓaci. Sai na ga ba ta iya karanta Turanci ba. Duk duniya kai kaɗai na gaya wa."

Ba ta faɗe shi da zafi ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya juya ya fuskanci titi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Direba ya kunna rediyo.

Hanya mai sauƙi tana nan, kuma ya gan ta. Yana iya cewa shekaru sun ja, ga ido ga tsufa, bai tuna ba. Ba wanda zai zarge shi, sunansa kuma zai zauna yadda yake. Sai dai idan ya faɗi haka, jan layin zai ci gaba da magana a madadinsa, kuma gonar ta tafi ke nan.

Kotun ɗaki ɗaya ce mai benci biyar, cike da masu jiran tasu shari'ar. Baffa Sharu, wani dattijo mai faffaɗar riga, ya taso da fara'a ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Da aka zauna ma shi ya fara magana, ya yi ta zuba yabo: ai Malam Kalilu ba ya sa biro a takarda sai ya bincika, ai shi ne ya je Zango a keke saboda katanga, ai 'ya'yansa mata biyu a hannunsa suka yi karatu. Mutanen benci suna ta gyaɗa kai. Da a wata ranar daban ce, da Malam Kalilu ya ji daɗin wannan zance ƙwarai.

Alƙalin, matashi ne mai sanyin murya, ya miƙo masa littafin ya tambaye shi ko rubutunsa ne. Ya ce nasa ne. Ya tambaye shi ko al'adarsa ce ya bincika abin da ɗalibai suka rubuta. Ya ce al'adarsa ce.

"To wannan fa, Malam, ka bincika?"

Malam Kalilu ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Allah ya gafarta Malam, ban bincika ba. Gidansu yana bayan makaranta, ko keke ba sai na hau ba. Na je Zango saboda katanga, amma nan ban je ba. Ita ma yarinyar ban tambaye ta ba."

Alƙali ya ce to da wane dalili ya rubuta cewa ba gaskiya ba ne.

"Ba ni da dalili. Na ji a gari cewa ubanta ya mutu, na ga marainiya, na yanke mata hukunci da kaina ina ganin tausayi ne. A shafin nan mutum biyu suka yi rubutu. Ɗaya ta rubuta abin da ta gani, ɗaya ya rubuta abin da bai sani ba. Ni ne na biyun."

Baffa Sharu ya yunƙura zai yi magana, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana rubutu, sannan ya ce kotu ba za ta dogara da jan layin ba, tunda mai shi ya ce zato ne. Ya sa ranar Litinin mai zuwa don Yelwa ta yi rantsuwa a kan shaidar Hamma. A benci na baya wani ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa ya ji, ashe shi ma Malam Kalilun haka yake. Tsohon ya ji, bai waiwaya ba.

A waje rana ta take. Yelwa ta fara yi masa godiya, ya ce ta bari, ba abin godiya a ciki. Suka samu inuwar wani shago suka tsaya jiran motar Daura. Ya yi ta juya tabarau a hannu kamar mai neman inda ya karye. Can ya ce, idan ba ta damu ba, yana so ta gaya masa yadda mahaifin nata ya zo ranar.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta zauna a dakalin shagon, ta gyara hijabi.

"Ƙafa ba takalmi ya zo, Malam," in ji ta. "Ina wanke kwano a tsakar gida, sai na ji an kira ni da sunan da shi kaɗai yake kira na."

Motar Daura ta tsaya, direban ya leƙo ya ce saura mutum biyu. Malam Kalilu ya yi masa alama da hannu ya wuce, ya zauna a ɗaya gefen dakalin, ya ce ta ci gaba.