Mai Yankan Tike na Tudun Baure

Rabi'u ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur a Madawa, kafin Alhaji Halidu ya gano muryarsa. A tasha Alhajin ya ji shi yana kiran fasinja yana yi wa direbobi ba'a, mutane na ta dariya, sai ya aika aka kira shi. Garinsu ɗaya, Tudun Baure, can kan hanyar jar ƙasa tsakanin Buza da Keita. Alhaji Halidu babban dillalin albasa ne, kuma zaɓe ya gabato, yana neman kujerar magajin garin Tudun Baure.

Wanda ke kan kujerar, Idris, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko. A bara ya ƙara harajin kasuwa: ko ka sayar ko ba ka sayar ba, in ka shigo da akuya ko buhun albasa sai an yanka maka tike. Ya ce da kuɗin za a gyara famfon gari da gadar da ruwa ya cinye. Famfo ya gyaru, gada kuwa tana nan a karye.

"Ba ni son dogon bayani," in ji Alhaji. "Samo mini magana gajera, wadda ko tsohuwa za ta riƙe."

Rabi'u ya samo. Ya ɗauki muryarsa a waya yana cewa mai tike ɓarawon rana ne, ɓarawon dare ma ya fi shi kunya. Ya kwaikwayi kukan akuya da muryar mai tike yana tambayarta takardarta. Maganar ta bazu a wayoyi, ta kai Tabotaki, ta kai Garhanga. Aka ɗora amsa-kuwwa bisa motar Alhaji, aka ba Rabi'u sabuwar shadda da waje a saman motar. Mutanen Idris su ma suka fito da tasu: mai ƙin tike maƙiyin gari ne, kuma manyan motocin Alhaji da ke kai albasa Abijan ba su taɓa tsayawa an yanka musu komai ba.

Ɗaya daga cikin masu yankan tike shi ne Yaƙubu, mijin Habsa, yayar Rabi'u. Manomi ne, ranar Laraba kaɗai, ranar kasuwa, yake rataya jakar tike ya tsaya a ƙofar kara, wurin sayar da dabbobi. Ba shi da jam'iyya, ko miting ba ya zuwa.

Habsa ta tare ƙanenta a zaure wata ranar da ya zo cin tuwo.

"Jiya an jehi gidanga da dutse," ta ce. "Mata sun ƙi taya ni ɗaukar tulu a bakin famfo. Wai matar ɓarawo. Kai ka koya musu."

"Yaya, siyasa ce. Kowa ya san ba da Malam Yaƙubu nike ba."

"To da wa kake? Idris ba shi tsayuwa ƙofar kara."

Yaƙubu yana gefe yana gyaran igiyar jaki. Ya ce ta ƙyale shi, neman abinci yake, bayan zaɓe kowa zai koma gonarsa. Ya tura wa Rabi'u kwanon tuwon.

Laraba ta ƙarshe kafin zaɓe, Alhaji ya sa a yi miting ɗinsa a bakin kasuwar, daf da kara. Saifullahi, shugaban matasan Alhaji, shi ya ja motar, Rabi'u yana sama da makirfo. Alhajin ya yi jawabi ya ce ranar da ya hau kujera zai ƙone tike da hannunsa, sannan ya shiga wata mota ya wuce Buza. Da rana ta take, matasan Idris suka shigo cikin a-kori-kura, kowa da gora, suna ihun maƙiyan gari. Aka fara jifa daga nesa. Mata suka soma kwashe kayansu.

A daidai lokacin ne Yaƙubu ya tsayar da wani makiyayi da ya koro raguna, ya miƙa masa tike. Makiyayin ya ce bai sayar da ko ɗaya ba. Wani daga baya ya fizge jakar, igiyarta ta shaƙe wuyan Yaƙubu, ya faɗi a kan gwiwa. Kafin ya miƙe, sanda ta sauka a bayansa.

Daga saman mota Rabi'u ya ga komai. Ya ga mutanen da ya sani, mahauci, mai facin taya, wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci, sun yi da'ira. Ya ɗaga makirfo ya ce su tsaya, mijin yayarsa ne, ba ruwansa. Kalmomi kaɗan suka fita, sai na'urar ta mutu a hannunsa. Saifullahi ya zare wayar makirfon daga cikin motar ya kunna abin da aka ɗauka tun farko. Muryar Rabi'u ta cika kasuwa tana dariya, tana cewa ɓarawon rana, ga kukan akuya na biye.

Rabi'u ya diro daga motar. Ya kutsa cikin mutane yana ture su, wani ya kai masa gora a hannu har ya ji ƙashin ya amsa. Matasan Idris suka iso suka auka wa da'irar daga baya, duka ya haɗe, ba wanda ya san wanda yake bugu. Raguna suka tsinke suna tattaka mutane. Rumfar mai tsire ta kife, wuta ta kama zanar da ke kusa. Rabi'u ya kwanta a kan Yaƙubu, yana jin takalma da sanduna a haƙarƙarinsa, jinin da ke fita daga kunnen Yaƙubu yana jiƙa masa sabuwar shaddar.

Sai da jandarmomi suka iso suka yi harbi sama sannan wuri ya buɗe. An sa Yaƙubu da Rabi'u a bayan mota zuwa likita a Buza. Da aka zo karyayyar gadar, direba ya sauka cikin rairayi ya zaga, motar ta kafe, aka fito ana turawa. A nan Yaƙubu ya cika, kansa bisa cinyar Rabi'u.

A zaman makoki Idris ya zo da mutanensa. Bayan addu'a ya aika a roƙi Habsa hoton mamacin, za a buga shi da girma a rubuta cewa ya mutu yana yi wa gari aiki. Da maraice Alhaji Halidu ya aiko da buhun shinkafa da saƙon cewa kowa ya ga gorar da matasan Idris suka zo da ita. Habsa ta fito bakin zaure, lulluɓe da zanen takaba, ta yi magana da ɗan aiken da kanta.

"Ka maida mai shinkahwa tai. Shi ma wancan ka hwaɗa mai ba ni da hoto. Mijina ba shi cikin takara."

Jandarmomi sun kama mutane da dama, amma wanda muryarsa ke cikin kowace waya shi ne Rabi'u. Suka ɗauke shi da hannu a ɗaure cikin filasta. Alhaji ya shaida wa mai bincike cewa yaron ɗan haya ne, shi bai taɓa sa shi zagin kowa ba. Saifullahi ya tsallaka Najeriya. Rabi'u bai yi musu ba. Da alƙali ya tambaye shi ko muryarsa ce, ya ce tasa ce.

Yana gidan kaso aka yi zaɓe, Alhaji ya ci. An tara tsofaffin tike a gaban ofis an cinna musu wuta, aka yi kiɗa. Kafin damina ta faɗi aka fito da wata takarda mai launin kore da ake kira gudummawar gyaran kasuwa, ana karɓarta a ƙofar kara ranar Laraba. Mutanen Idris ne yanzu ke yawo da amsa-kuwwa suna zaginta.

Da aka saki Rabi'u, hannun ya warke a karkace, ba ya iya riƙe kan babur. Ya sauka Tudun Baure ana tsakiyar noma. Bai shiga gidan Habsa ba, ya wuce gonar Yaƙubu, ya tarar ciyawa ta kusa shanye geron. Ya ari hauya wurin maƙwabci ya kama aiki da hannu ɗaya da rabi.

Ya yi kwanaki yana zuwa kafin Habsa ta biyo hanyar gonar. Ta tsaya a kan iyaka, ta daɗe tana duban kunyoyin da ya nome.

"Ka bar ciyawa a gindin wake," ta ce.

"Zan koma kanta, Yaya."

Ta ajiye ƙwaryar fura a inuwar gawo, ta ce in ya gama ya kawo ƙwaryar gida da kansa, ba ta da mai zuwa ɗauka. Ta juya ta kama hanyar gari.